Kawunsu zai kai su sansanin koyon tuƙa jirgin ruwa, ni kuma ban runtsa ba

Maman Khalifa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah kada a yi mini dariya. Yayana da ke zaune a Southampton ta Ingila ya ce in tura masa Khalifa da Yusra su yi dogon hutun bana a wurinsa, har an gama maganar biza. Jiya da daddare ya kira yake ce mini ya sa sunansu a wani sansani na kwana biyar, inda ake koya wa yara tuƙa ƙaramin jirgin ruwa, irin wanda babu inji, iska ce ke tura shi. Wai kowane yaro shi kaɗai a nasa jirgin. Khalifa shekararsa 12, Yusra 10. Yaran nan ruwan da suka sani bai wuce na bokiti ba. Hajiyarmu da ta ji, cewa ta yi ko sama da ƙasa za su haɗe ba da jikokinta ba. Akwai wanda ya san yadda abin yake?

Baban Sadiq Gwale: Wa alaikumus salam. Hajiya, in ni ne, a kai kasuwa. Ruwa ba sa'an kwando ba ne. Su je su ga gari, su sha madara, su dawo mana lafiya.

Anti Mai Lalle: Oh ni 'yasu. Mu muna lissafin kuɗin makarantar zango mai zuwa, wasu suna lissafin jirgin ruwa. Allah Ya ba mu yayye a Ingila.

Maman Khalifa: Anti ki bari kawai, ni da ya turo mini kuɗin da ya fi mini kwanciyar hankali.

Maman Iman: Maman Khalifa, kwantar da hankalinki, kin zo gidan. A garin nan na yi karatu shekara huɗu kafin mu dawo Kano, kuma Iman ta yi irin wannan sansanin sau biyu, tana 'yar shekara 9 da kuma 10. Bari in sauke tukunya in ba ki labari tiryan-tiryan.

Baba Sojan Ruwa: Muna jira. Ni ma zan tofa albarkacin bakina in ta gama.

Maman Iman: To. Da farko dai, jirgin da kike hangowa a ranki ba shi ba ne. Wanda ake fara sa ƙananan yara a ciki sunansa Optimist. Tsawonsa bai kai mita biyu da rabi ba, nauyinsa kilo 35, gabansa a yanke yake ba tsini, in kin gan shi sai ki ce bahon wanka aka kafa wa sanda aka ɗaura ƙyalle. Wani Ba'amurke mai suna Clark Mills ne ya zana shi a Fulorida a 1947, musamman don yara, kuma har yau 'yan ƙasa da shekara 16 ne ke tsere da shi. A cikinsa akwai jakunkunan iska a ɗaure, shi ya sa ko ya cika da ruwa ba ya nitsewa. Yusra nan za a sa ta. Khalifa in yana da jiki wataƙila su ba shi Pico ko Topper, sun ɗan fi girma.

Ranar farko yawancinta a tudu ake yi. Za a gwada musu rigar ceto, a ja ta ta kafaɗa a ga ko za ta zame ta kai. A nuna musu sassan jirgi: sandar tsaye, sandar kwance da ke ƙasan ƙyallen, igiyar da ake ja ko a sassauta, sandar juya akala a baya, da wani allo da ake zurawa ta tsakiyar jirgin ya leƙa cikin ruwa. Sai a zaunar da su a jirgi a kan ciyawa, malami yana juya shi da hannu, su kuma suna koyon sunkuyawa da canza wurin zama. Iman ta dawo gida ranar tana fushi, wai an yaudare ta, wuni guda ana tuƙi a kan ciyawa.

Abin da zan faɗa yanzu shi ne zai tayar miki da hankali, amma shi ne zuciyar abin gaba ɗaya. Tun a rana ta farko ko ta biyu, da gangan za a sa kowane yaro ya kifar da jirginsa.

Maman Khalifa: Innalillahi. Da gangan?

Baban Sadiq Gwale: Kun ji ko? Na faɗa.

Maman Iman: Da gangan, a wuri mai kwanciyar ruwa, malami yana gefe a jirgi mai inji. Saboda ƙaramin jirgi irin wannan dole wata rana ya kife, ba makawa. To gara yaro ya fara ɗanɗanawa ana kallonsa, ya ga rigar ta ɗago shi, ya ga jirgin bai nitse ba. Abin da ake dasa musu a ka: kada ka rabu da jirginka, kada ka ce za ka yi iyo zuwa gaɓa. Ka zagaya, ka kama allon nan da ya fito ta ƙasa, ka danna shi da nauyinka, jirgin zai miƙe. Ka hau, ka kwashe ruwan da roba, ka ci gaba. Ina tsaye a bakin gaɓa ranar, wallahi ƙafafuna rawa suke, ina ta karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Ita kuwa ta fito tana dariya tana roƙon a bar ta ta sake.

Rana ta biyu ce ta yi kuka. Iska ta juya, sandar kwancen ta make ta a goshi, tabaronta ya faɗa ruwa, har yau yana can. Laifina ne, an rubuta a takarda a ɗaure wa tabarau igiya, ban karanta ba. Wurare da yawa suna ba masu farawa hular kwano saboda sandar nan, ki sa yayanki ya tambaya.

Anti Mai Lalle: Wato kuɗi za a biya a kifar da yaro a ruwa kuma a fasa masa goshi. Bature bai da dama.

Baba Sojan Ruwa: 'Yata Maman Iman, kin yi bayani, Allah Ya yi albarka. Ni shekara ashirin da wani abu na yi a aikin ruwa, mafi yawa a Apapa. Abin da ke kashe mutum a ruwa sau da yawa firgita ce. Mutum ya ji ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa, ya buɗe baki zai yi ihu, ya sha ruwa, ya riƙe na kusa da shi su tafi tare. Wanda ya taɓa kifewa sau biyar ana kallonsa, ran da ta faru da gaske jikinsa ya riga ya san abin yi kafin tsoro ya iso. Iya ruwa fidda kai, haka iyayenmu suka ce. Kuma ba sai Ingila ba, a Legas ma akwai kulob na masu irin waɗannan jirage tun 1932, ranar Asabar muna ganin fararen filafilansu a bakin tasha.

Ƙanin Kowa: Baba, ranka ya daɗe, filafili ba shi ne abin da masu kwale-kwale ke tuƙi da shi ba? Ni haka na sani.

Baba Sojan Ruwa: Duka biyun ana faɗa, ɗana. Mu dai Hausawa ba mu gaji jirgin ƙyalle ba, namu na gora ne da filafilin katako, shi ya sa kalmar take ɗaukar kaya biyu. Ka ce ƙyalle, kowa zai gane.

Ƙanin Kowa: To ni abin da ya ɗaure mini kai, in iska tana kaɗawa daga gabas zuwa yamma, yaro ya tafi yamma, ta yaya zai dawo? Sai ya jira ta juya?

Baba Sojan Ruwa: Yawwa, ka yi tambayar masu hankali. Jirgin ƙyalle ba ya iya fuskantar iska kai tsaye, in ka gwada sai ƙyallen ya yi ta faɗa-faɗa kamar wanki a igiya, jirgin ya tsaya cak. Amma yana iya tafiya a karkace, kamar digiri 45 daga inda iskar ke fitowa. Sai ka yi dama, ka juya ka yi hagu, ka sake yin dama, har ka isa. Ka taɓa ganin jaki da kaya yana hawa tudu? Ba ya miƙewa sak. To haka. Sirrin yana wurin allon nan da Maman Iman ta ambata. Iska tana tura jirgi gefe, allon da ke cikin ruwa ya ƙi, sai jirgin ya sulale gaba, kamar ka matse 'ya'yan kankana tsakanin yatsu biyu. Wannan juyin shi yara za su yi ta maimaitawa kwana uku, kuma a wurinsa sandar kwance ke tsallakowa ta nemi goshi.

Za kuma a koya musu ƙulli. Akwai mai kama da lamba 8 da ake yi a bakin igiya don kada ta zare, akwai wanda ke yin zobe da ba ya zargewa komai nauyin da aka ja. Ni har gobe da shi nake ɗaure ragon layya, bai taɓa shaƙe mini dabba ba. Fitilar hagun jirgi ja ce, ta damansa koriya, duk duniya haka yake.

Maman Khalifa: Baba na gode. Amma har yanzu ba a taɓo inda ke mini ƙaiƙayi ba. Yaran nan ba su iya iyo ba. Ko kaɗan.

Maman Iman: Nan kam ba zan ɓoye miki ba, wannan ita ce matsalar gaske. Rigar da ake sa wa masu ƙananan jirage ba irin babbar nan ba ce mai juyo da fuskar mutum sama ko da ya suma. Ƙarama ce, don yaro ya iya motsi, taimako take yi wa wanda ya riga ya saba da ruwa. Shi ya sa a fom ɗin shiga sansanin ake tambaya ko yaro ya iya iyo. Wasu wuraren suna so yaro ya iya iyon mita 25, wasu 50, wasu kuma cewa suke ya zama dai ba ya tsoron ruwa in yana sanye da rigar. Ki tambayi yayanki me ya cike a wurin nan. In ya rubuta sun iya alhali ba su iya ba, ya gyara tun wuri.

Maman Khalifa: Yanzu na tura masa. Na san halinsa, zai iya cewa ai za su koya a can.

Dakta Na Kurna: Kada ki yarda da wannan. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yau saura mako nawa su tashi?

Maman Khalifa: Bakwai, Dakta.

Dakta Na Kurna: Ya isa yaro mai lafiya ya koyi abin da ake buƙata, in ana zuwa sau biyu ko uku a mako. Akwai otal-otal da kulob a Nassarawa da Bompai masu wurin iyo, wasu da mai koyarwa. Ki je da kanki ki ga ruwan, in ba kya hango ƙasansa ki juya. Ba gudu ake nema ba: ya iya sa fuskarsa a ruwa ba tare da firgita ba, ya kwanta rigingine ya yi lilo a sama, ya tsaya wuri ɗaya yana motsa ƙafa.

Sai abu na biyu da ba wanda ya ambata, sanyi. Tekun kudancin Ingila ko a Agusta bai cika wuce digiri 17 ko 18 ba. Ga yaron da ya tashi a zafin Kano, wannan ruwan randa ne na tsakiyar hunturu. Da ya faɗa, numfashinsa zai fizge, zai yi ta haki kamar minti ɗaya. A gaya musu tun a gida cewa haka zai faru kuma zai wuce, kada su yi kokawa da ruwan, su bari rigar ta riƙe su har numfashi ya daidaita. In akwai mai asma ko sikila a cikinsu, a faɗa wa masu sansanin a rubuce, kuma a fara ganin likita, musamman sikila, sanyi yana tayar da ciwon.

Maman Khalifa: Alhamdulillah babu ko ɗaya. Yusra dai ba ta da jiki, sanyin fanka ma yana damunta.

Maman Iman: Za a ba su rigar roba mai kama jiki, daga wuya har idon sawu, ita ke tsare ɗumi. Yawanci sansanin ke bayarwa tare da rigar ceto. Naku shi ne tsohon takalmi mai rufe yatsu wanda ba a jin asararsa, ban da silifas. Tawul, kayan canji cikakku har da rigar sanyi, leda ta zuba jiƙaƙƙun kaya, gorar ruwa, hula, da man kare rana. Kada ki ce baƙar fata ba ta ƙonewa, Iman hancinta sai da ya saɓule, ruwa yana mayar da hasken rana fuska. Waya a bar ta a gida ko a jaka.

Malam Mai Allo: Assalamu alaikum. Na bi zancen tun daga sama. Ni ban ga aibin koyon ba, hasali ma an ruwaito daga Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, yana umartar a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki. Tambayata uku ce: sallah, abinci, da suturar yarinyar. Rigar da aka ce tana kama jiki ce na tsaya a kai.

Baban Sadiq Gwale: Malam ai ni na ɗauka hadisi ne.

Malam Mai Allo: Mutane suna faɗarsa a matsayin hadisi, amma da wannan lafazin an fi danganta shi ga Umar. Mu bar shi a inda malamai suka ajiye shi.

Maman Iman: Malam, Allah Ya gafarta. Sansanin da Iman ta yi na jeka-ka-dawo ne, daga wajen tara na safe zuwa huɗu ko biyar. A lokacin zafinsu rana tana kaiwa kusan tara na dare ba ta faɗi ba, la'asar sai bayan biyar, don haka azahar ce kawai ke faɗowa a ciki, kuma tana dacewa da hutun cin abinci. Na yi wa malamarsu magana ranar farko, ta nuna mata wani ɗaki. Abinci daga gida ake zuwa da shi, ni dambun nama da burodi nake sa mata, har yaran Turawa suka koyi roƙo. Sutura kuma, a kan rigar robar tana ɗora dogon wando mara nauyi da riga mai dogon hannu, rigar ceto ta zo a sama. Abin da ba za a yarda da shi ba, kuma ni ma ba zan yarda ba, shi ne babban hijabi mai yawo. Zai iya sarƙewa a igiya lokacin da jirgi ya kife. Akwai ƙaramin hijabi na wasanni mai kama kai, ana cusa bakinsa cikin riga, babu allura babu fil. Wurin canza kaya na mata daban ne.

Malam Mai Allo: To madalla. In na kwana ne a can da sai mu sake zama.

Ɗan Bagwai: Tun ɗazu nake karantawa ina rubutawa ina gogewa. Ni mutumin Bagwai ne, aiki ne ya kawo ni Kano. Ranar 30 ga Nuwamba 2021 jirgi ya taso daga Badau zai tsallaka ruwan Watari, ya kife. Yawancin waɗanda ke ciki 'yan Islamiyya ne za su je Mauludi. Gawa 29 aka fitar. Yara sa'o'in Khalifa da Yusra, wasu ba su kai su ba. Jirgin an yi masa lodi fiye da ƙima, kuma babu rigar ceto a jikinsu. Da na ji Maman Iman tana cewa ana jan rigar ta kafaɗa a ga ko za ta zame, sai na ajiye wayar. Mu yaranmu ba don wasa suke shiga jirgi ba, hanyarsu ce ta zuwa kasuwa da makaranta da asibiti. Ban san me nake so in ce ba ma. Hajiya ki bar su su je su koya.

Shugaban Zaure: Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyayensu haƙuri.

Anti Mai Lalle: Amin ya Allah. Na janye wasan da na yi a sama, ku yafe ni.

Baban Sadiq Gwale: Allah Ya gafarta musu. Amma Ɗan Bagwai, wannan ai hujjata ce. Ruwa ba abin wasa ba ne. Mu nan cikin gari kowace damina sai an ciro yaro daga kududdufi. Ni Sadiq ko bakin rafi na ji ya je sai na zane shi.

Baba Sojan Ruwa: Malam Baban Sadiq, kai da kake yaro, an hana ka zuwa kududdufi?

Baban Sadiq Gwale: An hana mana.

Baba Sojan Ruwa: Ka je ko ba ka je ba?

Baban Sadiq Gwale: Baba ka bar tone-tone. Mun je, har muna shafa ƙasa a ƙafa don kada a gane.

Baba Sojan Ruwa: To ka gani. Bulala ba ta hana yaro ruwa, ɓoyewa take koya masa. Sai ya je inda babu babba, ruwan da bai san zurfinsa ba, ƙasansa laka da fasassun kwalabe. Ni ban ce a saki yara ba. Cewa na yi tun da za su je, gara su je da sani.

Baban Sadiq Gwale: Na ji, amma ban sauka daga kan bakana ba. Iyo a wurin da aka gina daban, teku daban. Gwanin ruwa ma ruwa ke cinsa.

Maman Iman: Gaskiyarka a nan, teku daban ne. Ruwan yana hawa yana janyewa sau biyu a yini, kuma mashigin da ke tsakanin Southampton da tsibirin Wight manyan jiragen kaya ke bi. Amma masu koyo ba can ake kai su ba, a lungun ruwa ake killace su ko a tafki, a zagaye wurin da balan-balan masu launi. Maman Khalifa, tambaya ɗaya za ki yi wa yayanki: wurin yana da rajista da RYA? Ita ce hukumar wasan jiragen ruwa ta Birtaniya, tun 1875 take. In yana da ita, akwai ƙa'ida: malami ɗaya ba ya wuce yara shida masu jirgi ɗai-ɗai, kuma jirgin ceto mai inji yana kan ruwa muddin yara suna kai. Karatun yaran mataki huɗu ne, kowane yaro da ɗan littafinsa da ake sa hannu. A kwana biyar mai farawa yakan gama mataki na ɗaya, wani har na biyu.

Kuma ba kullum ake fita ba. Suna da ma'aunin ƙarfin iska daga 0 zuwa 12. Masu koyo 2 ko 3 suke so. In ta yi ƙarfi sai a rage ƙyallen ko a zauna a tudu ana ƙulli da wasanni. Akwai ranar da iska ta ɗauke ɗif, suka wuni suna tuƙi da hannu suna watsa wa juna ruwa. Ki shirya jin ƙorafi irin wannan ma.

Ƙanin Kowa: Ni fa tunani nake, me zai hana a yi irin wannan a Tiga? Ruwa ne iya ganinka, tun 1974 aka gama dam ɗin zamanin Audu Bako, ga Bagauda kusa, ga Challawa a Ƙaraye. Jirgin da bai wuce baho ba ai kafintocinmu za su iya.

Baba Sojan Ruwa: Za su iya, asalinsa ma da falanki aka fara yin sa. Amma dogon hutunmu a tsakiyar damina yake faɗowa. Ka san hadarin gabas, sama tana fari tas, kafin ka ɗaure akuya ya haɗo, iska ta riga ruwan isowa. Yara goma a tsakiyar Tiga da sanduna a tsaye ana walƙiya, a'a. In za a yi, sai bayan ruwa ya ɗauke, wajen Nuwamba, dam a cike, iska tana zuwa daga arewa maso gabas ba ta da fushi sosai. Kuma sai an zauna da masunta da sarkin ruwansu, don ragarsu tana ko'ina, su suka san inda ke da haɗari. Sannan izinin hukumar Hadejia-Jama'are mai kula da dam ɗin.

Dakta Na Kurna: Ku ƙara da tsargiya. Ruwan dam da na rafi a yankinmu yana da dodon koɗin da ke ɗauke da ƙwayar, ta fata take shiga, ba sai an sha ba. Yaran ƙauyukan bakin ruwa da yawa suna fitsarin jini har ana ɗauka alamar balaga ce. Maganin yana nan, praziquantel, amma duk wanda zai tara yaran mutane yana kifar da su a Tiga sai ya yi shirin wannan. Ruwan gishiri ba shi da ita.

Ƙanin Kowa: Wato dai kowane gauta ja ne. To ni a fara da rigar ceto a jiragen haya ma ya isa.

Ɗan Bagwai: Wannan ita ce maganar. Kuma a samu ta yara, don ta manya in aka sa wa yaro ta kai take fita.

Anti Mai Lalle: Ni tambayata ta 'yan kasuwa ce. Bayan kwana biyar ɗin, me yaro zai yi da shi a Kano? A Kantin Kwari zai tuƙa?

Maman Iman: Anti, akwai wanda ya mayar da shi sana'a. Ben Ainslie na Birtaniya a Optimist ya fara, ya ci zinare huɗu a gasar Olamfik daga 2000 zuwa 2012. Iman dai ba ta zama shi ba, rabonta da jirgi tun da muka dawo. Abin da na gani shi ne yarinyar da ko takalminta sai an ɗaura mata, ranar Juma'a ita ta haɗa jirginta, ta ja shi zuwa ruwa, ta zagayo alamomi uku ta dawo, ta wanke shi da ruwan famfo ta naɗe ƙyallen. A tsakiyar ruwa babu Mama, in ta ja igiya da yawa ita za ta jiƙe. Har yanzu in muna tafiya sai ta kalli bishiya ta ce mini iska daga nan take.

Maman Khalifa: Jama'a yayana ya amso. Wurin yana da rajistar, na jeka-ka-dawo ne, a tafki ne ba teku ba. Wurin tambayar iyo kuwa, kamar yadda na zata, ya rubuta sun iya. Na ce ya kira su gobe ya faɗi gaskiya, ya tambaya nawa suke buƙata. Asabar zan kai su wurin koyo, Dakta zan biyo ka ta akwati ka kwatanta mini wanda ka fi yarda da tsaftarsa. In mako bakwai ya cika Yusra ba ta iya kwanciya a kan ruwa ba, Khalifa ya shiga ita ta yi kallo daga gaɓa.

Baban Sadiq Gwale: Allah Ya tsare. Ni dai Sadiq yana nan a tudu.

Baba Sojan Ruwa: Ka kawo mini shi Asabar ɗin, ni zan tsaya a kansa.

Baban Sadiq Gwale: Sai na tambayi uwarsa.

Maman Khalifa: Saura Hajiyarmu. Wa zai raka ni? Baba, kai za ta fi jin maganarka, amma don Allah kada ka ambaci kifewar nan da gangan.

Baba Sojan Ruwa: 'Yata, in ta tambaye ni ba zan yi mata ƙarya ba. Ki dai sayi goro mai kyau, fari, mu je bayan la'asar.